Hular sanyi lokacin kemo: yadda ake shirya gashi irin namu

Ranar da likita ta gama yi min bayanin maganin da za a sa min, sai nas ɗin da ke zaune a gefe ta tambaye ni ko ina so a gwada min hular sanyi, wadda ake sawa don rage zubar gashi lokacin shan magani. Ban taɓa jin sunanta ba sai ranar. Shekarata 41 a lokacin, ina zaune a arewacin Ingila da maigidana da yaranmu uku, kuma sati biyar ke nan da yi min aikin cire ƙari a mamana na hagu. Za a yi min kemo, wato maganin ciwon kansa da ake sawa ta ƙarin ruwa, sau 4, sati uku-uku tsakani, da magunguna biyu da aka rubuta min a takarda, docetaxel da cyclophosphamide. Likitar ba ta ɓoye min ba, ta ce waɗannan biyun in sun haɗu, da wuya su bar gashi a kai.

Da na kira Yaya a Kano na ba ta labari, cewa ta yi, "Ke da ba kya fita sai da hijabi, wa zai gani? Ki ji da lafiyarki." Na san don ta kwantar min da hankali ta faɗa, kuma gaskiyarta ne, lafiya ce gaba. Amma ina da mai gani. Autata 'yar shekara 6 ba ta barci sai ta cusa yatsunta cikin gashina. Ba na so ta farka wata rana ta tarar da wata uwar daban. Shi ya sa na ce a gwada.

Bari in faɗi sakamakon tun yanzu don kada in ja miki rai. Wajen rabin gashina ya tsira. Tsakar kaina ta yi sanƙo kamar faɗin tafin hannu, kuma na san ranar da na jawo hakan. Girata da gashin idona sun zube, domin hular ba ta kai wurin. Wannan rubutu na 'yar uwar da aka sa wa ranar fara kemo ne, da wanda zai raka ta, ko namiji ne zai sa hular ma dokar ɗaya ce.

Kemo yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, domin haka ƙwayoyin ciwon kansa suke. To saiwar gashi ma tana cikin masu saurin nan, kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashin kai kullum a kan tsiro yake. Shi ya sa maganin yake haɗawa da ita. Sanyi kuwa yana yin aiki biyu. Yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin fatar kai, sai jinin da ke ɗauko maganin zuwa wurin ya ragu. Sannan yana sa ƙwayoyin saiwar su lafa, kamar yadda ƙullun waina yake ƙin tashi da wuri in hunturu ya kankama. Ƙwayar da ta lafa ba ta shan magani da yawa. Abin da ake nema shi ne zafin fatar kai ya sauko daga sama da digiri 30 zuwa ƙasa da 22, ya kuma zauna a nan har maganin ya rage ƙarfi a cikin jini.

Na'urori biyu ne suka fi shahara. Akwai Paxman ta garin Huddersfield a nan Ingila, wadda wani iyali da sana'arsu ita ce sanyaya abin sha suka ƙera bayan matar gidan ta rasa gashinta a kemon kansar mama, aka kafa ta farko a asibitin garin a 1997. Akwai kuma DigniCap ta ƙasar Suwidin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da DigniCap a 2015, ta amince da Paxman a 2017. Dukkansu hula ce ta roba mai laushi da ruwan sanyi ke zagayawa a cikinta ta bututu, sai wata hular a sama mai igiyar haɓa da ke danne ta. A asibitocin gwamnati da yawa a nan kyauta ake sa wa.

Ki san lissafin kafin ki ce eh

A 2017 mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta wallafa bincike biyu a kan mata masu kansar mama. A ɗaya, kusan kashi 66 cikin 100 na waɗanda suka sa hular sun tsira da aƙalla rabin gashinsu. A ɗayan, kusan kashi 50. A duka biyun, cikin waɗanda ba su sa ba babu ko mace ɗaya da ta tsira da nata. Ki lura da abin da suke kira nasara, rabin gashi ne zuwa sama, ba duka ba.

Irin maganin ma yana da tasiri sosai. Dangin docetaxel da paclitaxel sun fi jin sanyi. Jan maganin nan, doxorubicin ko epirubicin, shi ne mai taurin kai, a binciken na biyu kashi 16 kacal suka dace da shi, alhali a dangin farko kashi 59 ne. Don haka ki ɗauki takardarki ki tambayi likita sunan abin da za a sa miki.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a gaya min ba sai da na tono shi da kaina. Akwai wani ƙaramin bincike a Amurka da aka wallafa a 2021, a kan mata baƙar fata zalla. Su 15 ne, mace ɗaya ce ta tsira daga zubar gashi mai yawa, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Ranar da na karanta shi jikina ya yi sanyi. Mutum 15 ba su isa a yanke hukunci a kan dukkanmu ba, amma dalilin da ake zargi abu ne da kowace mai gashi irin namu za ta gane. Gashinmu a murɗe yake, yana tashi sama, yana riƙe iska a tsakaninsa. Bargo ne a kan fata. Hular za ta iya yin sanyi ƙarara, fatar da ke ƙarƙashin bargon tana nan da ɗuminta. Duk aikin da zan bayyana a ƙasa manufarsa ɗaya ce, a kwantar da bargon nan har roba ta taɓa fata.

Ba kowa ake sa wa ba. Ba a saba sa wa masu kansar jini da danginta ba, domin su ana so maganin ya isa ko'ina har fatar kai. Ba a sa wa wadda kansar ta riga ta kai fatar kanta, ko wadda za a gasa wa kai da haske, ko mai ciwon da sanyi ke sa jininta ya dunƙule ko fatarta ta yi borin jini. In kina da sikila, ki faɗa da bakinki tun farko, kada ki ɗauka sun gani a fayil, kin san yadda sanyi yake tayar da ita. Haka in kina fama da ciwon ɓarin kai. Ni tambayar da ta fi damuna ita ce, in an hana magani zuwa fatar kai, kansa ba za ta ɓuya a can ba? Likitata ta ce a kansar mama abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma da aka tattara bincike da yawa ba a ga bambanci na a-zo-a-gani tsakanin masu sa hular da marasa sa wa ba. Ki yi wa taki likitar wannan tambayar, ki ji amsar da ta dace da irin ciwonki.

Abu na ƙarshe a nan, tun zaman farko ake farawa. In aka yi miki kemo ɗaya babu hula, ɓarnar ta riga ta auku. Masu tafiya Masar ko Indiya neman magani, a tambayi asibitin ko suna da na'urar tun kafin a sa rana.

Kwana biyu kafin ranar

Ki tsefe kitsonki. Duk wani ƙarin gashi, zare, roba ko ƙarfe ya fita. Kada ki bari sai daren jajibiri, domin fatar da aka tsefe yanzu tana da tsami, ga shi kuma ranar hankalinki ba a kwance yake ba. Ki wanke da shamfu marar ƙarfi, ki bar man shanu, man kaɗe da basilin a gefe, kai mai nauyin mai ba ya jiƙa yadda ake so. Ba dole ne ki yi aski ba. Amma in gashinki mai cika ne sosai, rage tsawonsa zai taimaka wa hular ta zauna, kuma zai sauƙaƙa miki tajewa daga baya. Kada ki ce bari ki sa man miƙar da gashi don ya kwanta. Wannan man yana raunana gashi, yana iya ƙona fata, kuma ƙonanniyar fata ba abin shiga kemo da ita ba ce.

Ki roƙa a gwada miki hular kafin ranar. Girma-girma ce, akwai ƙarama, matsakaiciya da babba. A gwada a kan jiƙaƙƙen gashi kwantacce, ba a kan busasshe ba. Nan na fara yin kuskure, aka gwada min a kan busasshen gashina da ya tashi, aka zaɓi babba.

A jakarki ki sa kwalbar feshin ruwa, kondishina (man laushin gashi na bayan shamfu), mataji mai manyan haƙora, tawul biyu, bargo, safa mai kauri, rigar sanyi mai buɗewa ta gaba, filas na shayi mai zafi, ɗan madubi, da hular auduga mai laushi ta komawa gida. Ki tambayi nas ko za ki iya shan farasitamol rabin awa kafin a ɗaura. Kada ki sha da kanki, domin yana ɓoye zazzaɓi, zazzaɓi kuwa a lokacin kemo ba abin wasa ba ne, gara su auna ki tukuna.

Ɗakin kemo yawanci a buɗe yake, maza da mata a jere a kujeru. Na ce a ja min labule lokacin jiƙa gashi da ɗaurawa, ba a taɓa musa min ba. Da zarar an ɗaura hular waje, gashi ya rufu, sai in yafa mayafi a wuya da kafaɗa. Ki yi alwalarki, ki shiga banɗaki kafin a fara.

Ɗaurawa

Nan ne gaba ɗaya maganar take, don haka kada ki bari a yi miki gaggawa, ko da kin ga nas tana da mutum biyar a gabanta.

Ki jiƙa gashin har saiwa. Ba yayyafi ba. Ki raba shi kashi-kashi da yatsa, ki fesa ruwa a gindin kowane kashi har ki ji danshi a fatarki. Gashinmu yana iya jiƙewa a sama, ƙasa na nan a bushe ƙayau, don haka ki sa yatsa ki taɓa tsakar kai da ƙeya ki tabbatar. Sai ki shafa kondishina, ki bi da mataji a hankali, ki kwantar da gashin ya bi siffar kai. Kondishinan yana taimakawa wurin kwantarwa, kuma shi ne zai hana robar manne wa gashi lokacin cirewa. Kada ki tara gashi a wuri ɗaya, kada ki ɗaure shi a ƙeya, ki baza shi daidai ko'ina. Wasu nas suna yarda da ƙananan kitso sakakku kwantattu marasa ƙari, wasu ba sa so. Ni rabawa da kwantarwa ne suka fi yi min.

A sa ƙyalle ko bandeji mai laushi a goshi, daidai inda gashi ya ƙare, da saman kunnuwa. Robar kada ta zauna a kan tsirarar fata, zafin sanyin a goshi ya fi na ko'ina. In kina da wurin da kitso ya riga ya cinye, kamar gefen goshin da yawancinmu muke da shi, a rufe shi da siririn bandeji.

Sai a ɗora hular ciki, ta rufe layin gashi gaba da baya, a ɗora ta waje, a ja ta ƙasa, a ɗaure igiyar haɓa. Ta kama sosai amma ki iya magana da shan shayi. Yanzu ki ɗora tafin hannunki a tsakar kanki ki danna. In kika ji hular ta lotsa kafin ta taɓa ki, akwai iska a ƙarƙashi. A kwance a sake. Ki bi gefe da gefe da ƙeya ki yi haka.

Bayan an kunna da minti biyar, ki rufe ido ki bi kanki da hankali. Sanyin ya kamata ya zama ɗaya ko'ina. A zamana na farko goshina da gefen kunnuwana kamar za su tsage, tsakar kaina kuwa shiru, har ina jin daɗin cewa wurin bai dame ni ba. Na yi kawaici ban ce komai ba, don na ga nas ɗin tana ta kai da kawo. Da aka cire hular, gefe da gefe duk ƙanƙara ta kama gashin fari fat, tsakar kai kuwa danshi ne kawai. Daidai wurin nan ne ya zube bayan sati biyu da 'yan kwanaki. Kunya da kawaici ba su da wuri a nan, wurin da ba ya jin sanyi shi za ki rasa.

Ana kunna na'urar kafin a saki magani. Minti 30 aka saba, amma mai gashi mai kauri irin namu ana ƙara mata zuwa 45, ki nemi a yi miki hakan. Tana nan a kunne har a gama ƙarin ruwan, sannan a ci gaba bayan an gama. Ni minti 90 aka ba ni, wasu magungunan ba su kai haka ba. Jimilla nakan yi awa huɗu da wani abu da hula a kai. Ki shirya wanda zai ɗauko yara daga makaranta.

Minti 15 na farko su ne masu wuya, ba zan rage miki ba. Kin san yadda kai yake sarawa in kika kwankwaɗi ruwan ƙanƙara lokacin buɗa baki? To haka, sai dai bai sake ki nan take. Idona ya yi ta ruwa, na ji tashin zuciya kaɗan. Abin da ya fisshe ni shi ne carbi a hannun da babu allura, da numfashi a hankali, da bargo har wuya, da shayin citta. Na ce wa maigida kada ya yi min magana sai agogo ya cika. Bayan nan fatar takan mutu, sai ki ji nauyi da sanyi kawai, har barci na taɓa yi. In jiri ko ciwon kan ya wuce misali, ki kira nas. In fitsari ya matsa ki, ana cire bututun a bar hular a kanki, ki je ki dawo cikin 'yan mintoci.

In an kashe na'urar kada a fizge hular. A sassauta igiya, a jira kamar minti biyar ƙanƙarar ta saki, sannan a girgiza ta a hankali a ɗaga. Ki dafa tawul a kai, kada ki goga.

A gida

Ki ɗauraye kondishinan ranar ko washegari da ruwa mai ɗumi kaɗan. Daga nan sau ɗaya a sati nake wanki. Ki zuba ruwa ya bi gashin zuwa ƙasa, ki shafa da tafin hannu, kada ki cuɗa shi kamar wanki, kada ki tattara shi a tsakar kai. Haka nake yi a wankan tsarki ma, in kai ruwa ga fata da yatsu a hankali. Babu diraya mai zafi, babu ƙarfen miƙarwa, babu rini, babu kitso mai ja. Hular cikin hijabi mai matsewa da ƙullin ɗankwali a goshi duk na ajiye su, na koma mai santsi sakakkiya. Rigar filo ma ta siliki na sa.

Babban haɗarinmu shi ne cukurkuɗewa. Mai gashi mai santsi in nata ya tsinke faɗuwa yake yi. Namu in ya saki saiwa sai ya maƙale a cikin 'yan uwansa, ya nannaɗe su, kwana biyu ya zama dunƙule kamar soso, wanda almakashi ne kaɗai maganinsa. Tsoro zai ce miki kada ki taɓa gashin don kada ya zube. Kada ki bi wannan tsoron. Wanda ya saki ya riga ya saki, barinsa a ciki ne zai ja masu rai. Kullum ki fesa ɗan ruwa, ki riƙe gindin kashi ɗaya da hannu, ki warware da yatsu daga baki zuwa sama, sannan ki bi da mataji.

Tsakanin kwana 14 zuwa 21 bayan zaman farko ake ganin zuba mafi yawa, ko hular tana aiki. Tawa ta zo rana ta 16. Fatar kaina ta yi tsami tun daren, kamar an yi min sabon kitso mai zafi. Da safe na sa mataji, ya fito a cike. Na sake, ya sake cika. Na tara gashin a kan farin tawul a bakin gado ina kallo, na yi kuka mai isata, na ce ba zan ƙara sa hular ba. Nas ɗin da na kira ta ce in ajiye tawul ɗin in ɗauki madubi, in duba abin da ya rage a kai. Da na duba, ban da tsakar kai, ko'ina a rufe yake.

A zama na biyu na ce a sake gwaji a kan jiƙaƙƙen gashi, aka koma matsakaiciya. Aka rufe sanƙon da siririn bandeji don kada sanyi ya ƙona shi, maigida ya danna tsakar hular da hannu biyu yayin da ake jan igiya. Ranar ko'ina ya ji sanyi. Zubar ta ci gaba amma kaɗan-kaɗan, ba ta sake yin irin ta farko ba. Kafin zama na huɗu wani laushin gashi kamar na jariri ya fara rufe sanƙon. Wannan ma yana cikin amfanin hular, ko an yi asara, saiwar da aka kare takan fi saurin farfaɗowa, kuma docetaxel yana cikin magungunan da kan bar wa wasu mata gashi marar cika na dindindin.

In asibitinki babu na'ura, akwai hular hannu, irin ta kamfanin Penguin, da ake haya. Ana daskarar da ita a cikin kula da busasshiyar ƙanƙara, wadda ba ta ruwa ba ce, ana kiranta dry ice, har kusan digiri 30 ƙasa da sifili, ana canza ta kusan kowane minti 25, tun kafin magani har bayansa. Dole sai da mataimaki mai kula da agogo, da safar hannu mai kauri, kuma a sauke gilashin mota in an ɗauko ƙanƙarar domin iskar da take fitarwa tana shaƙe mutum. Sai da izinin asibiti. Kada a ɗaura ƙanƙarar firij a leda a ce ita ce. Ba ta rufe kai daidai, sanyinta ba ya tsayawa, tana kuma iya ƙona fata.

In kin gwada kin ga wahalar ta fi ƙarfinki, ko zubar ta yi yawa, ki ce a daina. Dainawa ba ta taɓa maganinki da komai. Wata da muke zama kusa da juna ta daina a zama na biyu, ta yi aski, kuma na ga hankalinta ya fi kwanciya bayan nan.

Bayan zama na ƙarshe zubar ba ta tsaya nan take ba, ta ɗauki wasu makonni, don haka na ci gaba da lallaɓa kan kamar ana kemon. Gashi yana tsawon kusan santimita ɗaya a wata, sabon da tsohon ba su daidaita da wuri ba, sai na datse tsohon. Rini da man miƙarwa nas ta ce in bari sai aƙalla wata shida. Kitson farko sai da na cika wata huɗu, manyan kalaba guda shida, sakakku, kuma na ce wa mai kitson ta bar gefen goshi da tsakar kai kada ta kama su.